Gaisuwar Mutuwa Da Ta Makara: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malaman Chabad Da Yahudawan Dubai

Zuwa ga malaman Chabad, ƙungiyar addinin Yahudawa, da iyalan Rabbi Zvi Kogan, da sauran Yahudawa mazauna Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Bayan gaisuwa irin ta maƙwabta, ya haƙuri?

Haka muke buɗe baki a gidan makoki a ƙasar Hausa. Mutum ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin tabarma, ya ce "ya haƙuri?", a amsa masa "da godiya", a shafa addu'a, ya matsa gefe ya ba na bayansa wuri. Malamanmu sun ce ta'aziyya kwana uku ce, sai dai ga wanda ba ya gari. Ni ba ni da wannan uzuri. Ina cikin Dubai ranar da aka sanar da ganin gawar malaminku Rabbi Kogan da aka kashe, ga shi sai bayan shekara guda da 'yan kai nake zuwa gaisuwa. Dalilin makarar shi ne rabin abin da ke cikin wasiƙar nan. Na kuma rubuta ta da Hausa da gangan, ko da yake na san sai an fassara muku, domin ina so mutanena su ji abin da nake gaya muku.

Ni Musulmi ne, ɗan kasuwa, ina sayar da yadi a Kantin Kwari da ke Kano. Na daɗe ina zuwa Dubai saro kaya. Da aka hana 'yan Nijeriya biza muka zauna gida kusan shekara biyu, da aka buɗe a watan Yulin 2024 muka sake ɗaukar jaka. Ban taɓa ganin Rabbi Kogan ba, ban taɓa shiga kantinsa ba. Mu mutanen unguwannin Deira ne da Naif, tsakanin shagon yadi da ofishin masu auna kaya da masallaci. Titin Al Wasl inda kantin yake ba hanyarmu ba ce.

Daren Lahadi, 24 ga Nuwamban 2024, mu shida muna zaune a ƙasa a masaukinmu, an shimfiɗa leda, an ɗora faranti guda na shinkafar mandi, dilolin kaya sun cika rabin ɗakin. Ƙaramin cikinmu yana ci da dama yana latsa waya da hagu, sai ya ce, "Kai, an kashe wani limamin Yahudawa a ƙasar nan." Wani dattijo da muka shekara goma sha biyar muna hulɗa, mutumin da ban taɓa kama shi da cin kwabon wani ba, ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, "An rage mugun iri." Mutum biyu suka yi dariya. Wani ya ce a rage murya, nan ba Kano ba ne, bango ma kunne gare shi. Ni kuwa na kai loma baki. Ban yi dariya ba, ban kuma ce uffan ba. Tsokar naman da ke hannuna na juya ta, na juya ta, na mayar gefen faranti, na ce na ƙoshi.

Daga baya ɗana, wanda ya fi ni Turanci, ya riƙa karanto mini abin da jaridu suka rubuta. Rabbi Kogan yaro ne ɗan shekara 28, yana da takardar zama ɗan Isra'ila da ta Moldoba, bai daɗe da aure ba. Shi ke kula da kantin Rimon, inda Yahudawan gari da baƙi ke sayen abincin da shari'arku ta halatta. Ranar Alhamis, 21 ga wata, ya ɓace. Aka ga motarsa a Al-Ain, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga Dubai, sannan aka ga gawarsa. Ba a yi kwana biyu ba hukuma ta bayyana mutum uku 'yan ƙasar Uzbekistan da aka kamo da taimakon Turkiyya. A ƙarshen Maris na 2025 kotun tarayya a Abu Dabi ta yanke wa uku hukuncin kisa, na huɗu ɗaurin rai da rai, bisa laifin kisan ganganci da nufin ta'addanci. Na sa ɗana ya maimaita mini sunayen waɗanda aka kama. A ciki akwai Mahmud, akwai Abdurrahim. Sunayen da muke raɗa wa 'ya'yanmu ranar suna ke nan, a yanka rago, a raba goro.

Abin da ya hana ni barci a daren nan ba tausayinku ba ne tukuna, gaskiya ɗaya ce. Maganar dattijon ce. Na taɓa jin ta, kalma da kalma, a wata rana da ba zan manta ba. Asubahin Juma'a, 13 ga Afrilun 2007, jajiberin zaɓen gwamnoni, 'yan bindiga suka shiga masallacin Ɗorayi a Kano suka harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana jan salla. Ni ba almajirinsa ba ne, gidanmu gidan ɗariƙa ne, akwai abubuwa da yawa da yake faɗa waɗanda ba su yi mini daɗi ba. Amma na bi jama'a zuwa jana'iza, na ga manyan mutane masu furfura suna kuka kamar yara. Da yamma a bakin layinmu wani ya ce, "An rage mugun iri." Shekara goma sha takwas ke nan, har yau in na miƙa wa mutumin nan hannu zuciyata ba ta bin hannun. To me ya sa na riƙe wancan a rai, wannan kuwa na haɗiye shi da shinkafa? Na juya tambayar ta kowace fuska, amsa ɗaya nake samu: tsoro. Na ji tsoron a koma gida a ce Alhaji ya zama ɗan koren Yahudawa.

Mu mun san kisan malami. Bayan Sheikh Ja'afar an tare Sheikh Albani a Zariya a farkon Fabrairun 2014, aka kashe shi da matarsa da ɗansa suna komawa gida daga karatu. A Nuwamban shekarar aka tashi bama-bamai a babban masallacin Juma'a na Kano, sama da mutum ɗari suka tafi. Mun san yadda kujerar karatu take zama fayau, a rasa mai ƙarfin halin hawa. Mun san yadda almajiri ke buɗe littafi a shafin da aka tsaya ya kasa ci gaba. (Abu guda na yi muku hassada a kai, ku gafarce ni: ku cikin wata huɗu kun ga an yanke hukunci. Mu har gobe muna tambayar wa ya kashe Malam Ja'afar.) Mutanen da suka sha wannan ɗaci bai kamata a ji dariya a bakinsu ba don an yi wa wasu irinsa.

Na san abin da 'yan'uwana za su ce, don sun riga sun faɗa mini a shago. Za su ce: Gaza fa? Ba zan kauce wa tambayar ba, ku ma ba zan ɓoye muku matsayina ba. Ina tare da Falasɗinawa. Na ga hotunan yara cikin likkafani jere a ƙasa, na ga asibitoci sun zama kufai, dubun dubatar mutane sun mutu, kuma ina ganin gwamnatin Isra'ila ta yi zaluncin da za ta amsa a gaban Allah. In kun ji haushin wannan magana, ku ji, ba zan janye ta ba don ina gidan makokinku. Za su kuma ce: ai an ce ya taɓa aikin soja a Isra'ila. Haka ne, an rubuta. Amma ba a fagen fama aka same shi ba, ba da bindiga a hannu ba. An bi mai kanti ne a ƙasar Musulmi da ta ba shi izinin zama, aka sace shi, aka kashe. Wanda ya yi haka bai tsayar da jirgin yaƙi ko ɗaya ba, bai shigar da buhun fulawa ko ɗaya Gaza ba. An bar jaki an daki taiki.

Kuma wannan ba ra'ayin ɗan kasuwa ba ne, karatun zaure ne da kowane almajiri ya wuce ta kansa. Wanda ya shiga ƙasar Musulmi da amana, jininsa da dukiyarsa haramun ne. Bukhari ya ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cewa wanda ya kashe mutumin da ke da alkawarin aminci ba zai ji ƙanshin Aljanna ba, alhali ana jiyo ƙanshinta daga nisan tafiyar shekara arba'in. Ranar buɗe Makka, Ummu Hani ta ba wani mushiriki mafaka, ɗan'uwanta Sayyadina Aliyu ya ce sai ya kashe shi, ta kai ƙara, Annabi ya ce mun ba da mafaka ga wanda kika ba. Amanar mace guda ta isa ta tsayar da takobin Aliyu, balle amanar hukuma sukutum. Hatimin da ke cikin fasfo ɗin Rabbi Kogan shi ne irin wanda ke cikin nawa. Da shi nake yawo a Deira da kuɗin mutane a aljihu ba na waiwaye. Wanda ya keta nasa ya keta nawa, in ma ba yau ba gobe. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Hausawa kuma suka ce baƙonka Annabinka, ba su ce sai baƙon da kuke sahu ɗaya ba.

Ayar nan da muke yawan jawowa duk lokacin da aka zarge mu da ta'addanci, wadda ta ce wanda ya kashe rai guda ba da hakki ba kamar ya kashe mutane duka ne, in mutum ya koma farkonta a Suratul Ma'ida zai ga da Bani Isra'ila aka fara maganar. Ashe ma a littafin malamanku na Mishna akwai irinta. A surar dai Allah ya ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. A Suratul Hajji da ya lissafa wuraren da ake ambaton sunansa, waɗanda da ba don yana kare mutane da mutane ba da an rushe su, ya ambaci wuraren ibadarku kafin ya ambaci masallatai. Duk mun haddace. A ɗakin nan na Deira akwai alhazai biyar da mahaddacin Alƙur'ani guda.

To daga ina "mugun iri" ta fito? Ba daga Gaza ta faro ba, kada mu yaudari kanmu. Tun ina yaro, kafin in san akwai wata ƙasa wai ita Falasɗinu, in mutum ya cika maƙo ko makirci sai a ce wane ai Bayahude ne. In ciniki ya yi tsauri a ce kada ka yi mini yahudanci. Yawancin masu faɗa ba su taɓa ganin Bayahude ido da ido ba, ni ma na faɗa ba sau ɗaya ba. Kalma ce da ta zauna a baki har ta daina nauyi, sai ranar da aka zubar da jini ka ga ashe ita ta share wa dariya hanya.

Tarihinmu ma yana da nasa tabon. Duk ɗan Kano ya san Shehu Magili, babban malamin da ya zo zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya rubuta masa littafi a kan yadda ake riƙon sarauta, muna girmama shi har yau. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne, kafin ya iso nan, a Tuwat da ke kudancin Aljeriya ta yau, shi ya tsaya kai da fata sai an rushe wurin ibadar Yahudawan Tamantit, aka rushe, aka kashe wasu, sauran suka watse. Ba a kuma gaya mana cewa alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi al-Asnuni, ya ja da shi ya ce mutanen nan suna da alkawari ba. Malamai biyu, mazhaba ɗaya, fatawa biyu. A daidai wannan zamani, shekarar 1492, sarakunan Sifaniya suka kori Yahudawa daga Andalus bayan sun ci Garnaɗa, Sarkin Musulmi na Daular Usmaniyya Bayazid na biyu ya buɗe musu ƙofa. Duka biyun gadonmu ne. Ban kawo wannan don in rage wa Shehu daraja ba, wane ni. Na kawo ne don laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani, ni kuma a gidan makoki nake, ba wurin hangen na wani ba ne.

Da na fara bin yadda kuke makoki sai na riƙa jin kamar ana ba ni labarin unguwarmu. Kuna gaggauta binnewa, kamar mu. Kuna wanke mamaci, ku sa shi a farin likkafani marar ado, mai kuɗi da talaka iri ɗaya. In labarin mutuwa ya zo muku kuna cewa albarka ta tabbata ga Alƙali na gaskiya, a inda mu muke cewa daga Allah muke gare shi za mu koma. Maƙwabta ke kawo abincin farko, kamar yadda Annabi ya ce a dafa wa iyalan Ja'afar ɗan Abu Ɗalib abinci ranar da labarin shahadarsa ya iso. Kuna zaman kwana bakwai a kan kujeru 'yan gajeru, a rufe madubai, mai zuwa gaisuwa ba ya fara magana sai mai makoki ya fara. Wannan na ƙarshe da ma mu ara, don a wurinmu wani zaman makokin ya koma majalisar siyasa da cinikin filaye. Inda muka rabu shi ne ku kuna keta riga a ƙirji, mu an hana mu. Sai addu'ar da kuke kira Kadish, wadda ba a yin ta sai mutum goma sun taru. Na zaci kuka ne da ambaton mamaci. Da aka fassara mini sai na ji babu kalmar mutuwa a cikinta ko ɗaya, daga farko har ƙarshe girmama sunan Allah ne da roƙon aminci. Na tuna sallar gawa: mamaci na kwance a gaba, liman ya ɗaga murya ya ce Allahu Akbar.

A nan dole in yi muku gaskiya a kan abu guda. Ba zan ce Allah ya jiƙansa ba, malamanmu ba su ba mu wannan ba, kuma ba zan yi muku daɗin baki da abin da ban yi imani da shi ba. Lamarinsa yana hannun Wanda ya halicce shi. Amma an ruwaito a Bukhari da Muslim cewa an wuce da gawa ta gaban Annabi sai ya miƙe tsaye, aka ce masa ai gawar Bayahude ce, ya ce, "Ashe ba rai ba ne?" Iyakar abin da aka nema a wurina a daren nan ke nan, in miƙe. Wasiƙar nan miƙewata ce, ko da an riga an kai Rabbi Kogan Dutsen Zaitun a birnin Ƙudus an rufe tun tuni.

Ga matarsa nake jin nauyin magana ya fi yawa. Na ji cewa Rabbi Gavriel Holtzberg, wanda aka kashe shi da matarsa mai juna biyu a gidan Chabad na Mumbai a Nuwamban 2008, kawunta ne. Gida ɗaya, sau biyu, wata ɗaya, shekara goma sha shida tsakani. A wancan harin wata mai reno Ba'indiya, Sandra Samuel, wadda ba addininku take bi ba, ta fito daga inda ta ɓuya ta sungumi ɗansu ɗan shekara biyu ta fice da shi ta gaban 'yan bindiga. Matar Rabbi Kogan, baiwar Allah, Allah ya ba ki haƙuri, ya sanyaya miki zuciya. Wannan addu'ar tawa ce in yi, kuma na yi ta da zuciya ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a tarihinku shi ne na shekarar 1956. 'Yan bindiga suka shiga makarantar koyon sana'a a ƙauyen Kfar Chabad da ke Isra'ila ana addu'ar dare, suka kashe ɗalibai biyar da malaminsu. Mutanen ƙauyen, waɗanda yawancinsu da ƙyar suka tsira daga Rasha, suka fara tunanin tashi. Jagoranku Rabbi Menachem Mendel Schneerson ya aiko musu da saƙo daga New York, gajere ƙwarai: da ci gaba da gini za ku sami haƙuri. Suka zauna, suka gina makarantar koyon ɗab'i da sunan yaran. Gidan Mumbai ma an sake buɗe shi a 2014. Kwanaki kaɗan bayan binne Rabbi Kogan, dubban malamanku suka taru a New York taronsu na shekara, kowa kuma ya koma garin da aka tura shi. A ƙauyen Kfar Chabad ɗin nan aka yi masa jana'iza. Ni ɗan kasuwa ne, na san bambancin wanda gobara ta ci shagonsa ya koma ƙauye, da wanda washegari ya shimfiɗa buhu a kan toka ya kasa ragowar kaya.

Da na so in bar maganar a cikina har in mutu. Abin da ya fito da ita shi ne ranar 14 ga Disamban 2025, a bakin tekun Bondi da ke Sidni a Ostireliya. Kun taru kunna fitilar farko ta idin Hanuka, uba da ɗansa suka buɗe wuta, mutum goma sha biyar suka mutu, har da yarinya 'yar shekara goma da tsohon da ya tsira daga kisan ƙare-dangi na Hitila. Cikinsu akwai wani malamin naku, Rabbi Eli Schlanger, mai 'ya'ya biyar, ƙaraminsu jariri. Wata biyu kafin nan an kai hari wurin ibadarku a Mancesta ranar azuminku mafi girma. Duniya kuma ta ga bidiyon Ahmed al-Ahmed, Musulmi ɗan asalin Siriya mai shago, ya raɓo ta bayan motoci, ya rungumo ɗan bindiga ta baya, ya fizge bindigar, ya jingine ta a jikin bishiya, aka harbe shi ya sha da ƙyar. A shagona aka kalli bidiyon, yara suna ta kabbara suna cewa ga Musulunci. Na ce haka ne. A zuci kuwa na ce, shi ya tari bindiga da hannu, ni na kasa tarar magana da baki.

Yanzu ga abin da nake so in gaya muku, ko da yake ba ni da hurumin yi muku wa'azi. Ni da za ku musulunta da na fi kowa murna, ba na ɓoyewa; ku ma na san kuna ganin naku ne daidai, Allah zai yi mana hukunci ranar da babu wani alƙali sai shi. Amma kada tsoro ya zama shi ne abin da zai raba ku da ibadarku. Addinin da aka bari don tsoron wuƙa, wanda ya bari bai sami komai ba, wanda ya tsorata shi ma bai sami lada ba, kuma Alƙur'ani ya ce babu tilas a addini. 'Yan jaridar da suka je kantin Rimon ranar Lahadin nan sun tarar da shi a rufe, sun kuma lura an ɓalle ɗan kwanson nan da kuke liƙawa a dokin ƙofa, wanda kuke kira mezuza. Na tambayi abin da ke cikinsa, aka ce 'yar takarda ce da aka rubuta da hannu: ji ya Isra'ila, Ubangiji Allahnmu, Ubangiji ɗaya ne. Ko wa ya cire, ko maƙiyi ne ko mai gudun fitina, ku mayar. Ku sa 'yar hularku ku fita. Matanku su kunna kyandir ranar Juma'a da magariba. Ku ci gaba da yanka da wuƙar da ba ta da tsaga ko ɗaya, mu ma Suratul Ma'ida ta halatta mana abincinku. Sunan kantin ma, na ji, ruman yake nufi, ɗan itacen da Alƙur'ani ya lissafa cikin 'ya'yan itatuwan Aljanna.

A Abu Dabi, a tsibirin Sa'adiyat, hukuma ta gina masallaci da coci da wurin ibadarku a fili ɗaya, aka buɗe a 2023, naku aka sa masa sunan Musa ɗan Maimun, malaminku haifaffen Ƙurɗuba wanda ya yi rubutu da Larabci, ya yi likitanci a fadar Salahuddin a Alƙahira. Mutanenmu da yawa ba su yarda da ginin ba, ni ma ina da ja a kan siyasar da ta haife shi, yarjejeniyar 2020 da Daular Larabawa ta ƙulla da Isra'ila aka bar Falasɗinawa a waje. Sai dai gini ko ya kai gini, ba shi ke tsare baƙo ba. Maƙwabci ke tsare shi, irin wanda in an yi mugun zance a gabansa zai ce a'a.

Ina da roƙo guda, kuma na san lokacinsa bai yi daɗi ba. Ranar da aka kashe na wani, ku ma a ji muryarku. A Oktoban 2023 a jihar Ilinoi ta Amurka, wani mai gidan haya ya daɓa wa yaro Bafalasɗine ɗan shekara shida wuƙa sau ashirin da shida don iyayensa Musulmi ne. Cutar da ta kashe shi ita ta kashe malaminku, kama mutum da laifin da ba nasa ba don sunansa da addininsa. An taɓa yin abin da nake roƙo. Da aka kashe mutum goma sha ɗaya a wurin ibadarku a Pittsburgh a 2018, Musulmin Amurka suka tara wa iyalan sama da dala 200,000. Da aka kashe masallata hamsin da ɗaya a Christchurch ta New Zealand a 2019, Yahudawan Pittsburgh ɗin suka tara wa Musulmi nasu. In malami daga cikinku ya tashi ya ce yaran Gaza ma rai ne, zai sauƙaƙa wa irina buɗe baki a ɗakin Deira. Ba sharaɗi nake gindayawa ba. Gaisuwata ta riga ta fita, ko kun yi ko ba ku yi ba.

Dattijon nan kuwa na same shi. Bayan Bondi da mako guda ya zo shagona duba wata shadda, na sa aka kawo masa shayi, na ce, "Alhaji, akwai maganar da ka yi a Dubai bara da ta tsaya mini a wuya." Ya ma manta. Da na tuna masa, na karanto masa hadisin mai alkawari, sai ya yi shiru yana murza bakin yadin da yatsa. Can ya ce, "Ai zafin Gaza ne." Na ce na sani, ni ma yana cina. Ya ce, "Astagfirullah," ya shanye shayinsa, muka yi ciniki ya tafi. Ban san ko har zuci ya faɗa ba. Bai dai fasa zuwa shagona ba, ba a kuma kira ni ɗan koren kowa ba tukuna, wataƙila sai wasiƙar nan ta fita.

An ce mini kuna da gida a Abuja. In hanya ta kai ni zan tsaya in ƙwanƙwasa, in masu gadi suka bar ni na shiga, in kuma suka hana ba zan ga laifinsu ba. A wurinmu mai gaisuwar mutuwa ba ya daɗewa a kan tabarma, ni kuwa na daɗe. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya marayun Bondi, ya tsare na baya. Ya ƙarin haƙuri?

Naku,
Wani mai sayar da yadi, Kantin Kwari, Kano.